Ni dai Denali nake ce masa

Jiya a group ɗinmu na WhatsApp gardama ta kaure kan wani dutse da ke Alaska, wani abokina yana ta cewa ai tunda gwamnatin Amurka ta ce sunansa Mount McKinley to shikenan magana ta ƙare, ni kuma na ce masa wallahi ba ta ƙare ba. Mun yi ta ja-in-ja har ƙarfe ɗaya na dare, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta abin da ke raina.

Dutsen nan shi ne mafi tsawo a duk Arewacin Amurka, mita 6,190. Mutanen Koyukon, waɗanda kakanninsu ke zaune a arewacin dutsen tun kafin Bature ya san akwai wata ƙasa wai ita Alaska, Denali suke kiransa, ma'ana dogo ko mai tsayi. Sai a 1896 wani mai haƙar zinare, William Dickey, ya raɗa masa sunan William McKinley, wanda lokacin yana neman kujerar shugaban ƙasa, don kawai McKinley na goyon bayan a jingina darajar dala da zinare. McKinley ɗan Ohio ne, an harbe shi a 1901, kuma har ya bar duniya bai taɓa taka ƙasar Alaska ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai, mutum bai taɓa ganin dutsen da idonsa ba amma an share sunan da masu wurin suka gada an maƙala nasa.

Mutanen Alaska ba su yi shiru ba. A 1975 jihar ta koma ce masa Denali ta kuma roƙi gwamnatin tarayya ta yi haka, amma wani ɗan majalisa daga Ohio, Ralph Regula, ya yi ta tare maganar shekara da shekaru. A 1980 aka sauya sunan gandun dajin da dutsen ke ciki ya zama Denali, dutsen kuma aka bar shi McKinley, kun ji rikici. Sai 2015 zamanin Obama aka maida masa sunansa, sannan ranar 20 ga Janairu 2025 Trump ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa da ya dawo da McKinley. Abin lura, Lisa Murkowski, sanata daga Alaska kuma 'yar jam'iyyar Trump ɗin, ta fito fili ta ce ba ta yarda ba.

Na samu zuwa can sau ɗaya a watan Yuni, lokacin da rana kusan ba ta faɗuwa, ƙarfe sha ɗaya na dare gari fes kamar la'asar, har lissafin lokutan sallah sai da ya ɗaure min kai. Hanya ɗaya ce tak ta ratsa gandun, mil 92, kuma bayan mil 15 ba a barin motar gida sai bas. Ba mu ma kai ƙarshe ba sbd zaftarewar ƙasa ta toshe hanyar a wajen mil 43 tun 2021. Duk da haka mun ga abin kallo, wata beyar da 'ya'yanta biyu suna tonon saiwa a gefen kwari, direba ya kashe inji ya ce kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai iska da ƙarar kyamara. Can saman duwatsu kuma fararen tumakin daji kamar an watsa auduga.

Shi kuwa gogan, wato dutsen, kwana biyu gajimare ya lulluɓe shi, direban ma ya ce yawancin baƙi haka suke komawa gida ba su gan shi ba. Rana ta uku da sassafe a garin Talkeetna na fita bakin kogi da shayina a hannu, ina kallon wani farin abu a sama ina zaton gajimare ne, sai wata dattijuwa da ke kusa ta nuna min ta ce wancan ai shi ne. Na ɗaga kai sama da inda nake tsammani, ga shi nan fari tas, sauran duwatsun da nake ganin manya ne duk suna ƙarƙashinsa kamar yara. Subhanallah kawai na iya cewa, shayin ya huce ban kurɓa ba.

Na tambayi abokin nan nawa, Bakano ne, na ce idan wani baƙo ya zo gobe ya ce Dutsen Dala yanzu sunan ubangidansa za a riƙa kiransa, har a buga a taswira, zai daina cewa Dala? Har yanzu bai ba ni amsa ba. Ita dai dattijuwar nan da ta nuna min shi da yatsa, Denali ta ce.