Gida cike da mutane, amma ba mai tambayarta

Lokacin da aka tura mu firaktikal wani ƙaramin asibiti can wajen Ƙofar Ƙaura, ni a kaina ciwon damuwa sai wanda ba shi da kowa, mu nan Katsina da za ka iske mutum ashirin gida ɗaya ana cin tuwo kwano guda, ina kaɗaici zai samu wurin zama? A aji dai mun haddace don jarabawa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 280 ke fama da shi a duniya a lokacin, da cewa Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin ta 1958, shi ke nan ilimin nawa.

Sai ga wata mata, zuwa uku cikin wata ɗaya, kullum ciwon kai, jiki ba ƙarfi, barci ya ƙi, abinci ba ya shiga. Gwajin maleriya babu, taifod babu, ni kuma sai in ce a ba ta farasitamol da maganin ƙarin jini ta tafi. A zuwa na uku Matron ta ce in ja kujera in yi shiru. Ko awon jini ba ta yi mata ba, cewa ta yi, "Ƙanwata, in abu ya dame ki wa kike faɗa mawa?" Wallahi matar nan ta daɗe tana murza bakin hijabinta, can sai hawaye. Ashe wata huɗu ke nan da haihuwarta, lokacin wankan jego gida maƙil, ga kunun kanwa ga gasasshen nama, ana yin arba'in kowa ya kama gabanshi. In ta ce ba ta jin daɗi sai a ce ki gode Allah kin samu ɗa, wasu suka ce iska ce, har hayaƙi an yi mata.

Matron ta yi mata tambayoyin nan tara na PHQ-9 da ake gwada ciwon damuwa da su, ta rubuta mata takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Amma abin da ya tsaya mani a rai shi ne da ta sa aka kira mijin da yayar matar. Ba ta ce ku ba ta haƙuri ba, ai haƙurin ne aka yi ta ɗura mata har ta yi shiru. Aiki ta raba masu, Yaya ta riƙa zuwa da hantsi ta karɓi jaririn ita kuma ta ɗan rintsa, Malam shi kuma ya tsaya kan shan magani ko bai ga canji ba, don magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline sai an yi sati biyu zuwa huɗu ake fara ganin aikinsu, a nan ne mutane ke jefarwa su ce ba ya yi.

Kusan ƙarshen fostin ɗinmu matar ta kawo yaron rigakafi, Yaya ce ke goye da shi. Ta ce barcin har yanzu wata rana da wata rana, amma tana ganina ta yi dariya ta ce, "Malama mai farasitamol, ina kwana?"