Kyarkeci ne ya cinye barewar Yellowstone?

A shekarar 1995 aka kawo kyarketai 14 daga Kanada aka sake su a gandun dajin Yellowstone na Amurka, a 1996 aka ƙaro 17. Rabon dajin da garken kyarkeci tun 1926. A lokacin da aka sake su, babbar barewar nan da ake kira elk ta kai wajen 19,000 a arewacin gandun. Zuwa 2013 ƙidaya ta sauko kusan 4,000. Nan take mafarauta suka ɗora wa kyarkeci laifin gaba ɗaya, alhali ba shi kaɗai ya yi aikin ba.

Abin dubawa na farko shi ne wacce barewa ake kashewa. Kyarkeci da gudu yake kamu, yana kora garke har mai rauni ta ware. Da aka bincika gawawwakin matan da ya kayar, matsakaicin shekarunsu ya kusa 14, tsofaffi ne da haihuwarsu ta ja baya. Su kuwa masu bindiga da ke jiran garken a wajen gandun, kusa da garin Gardiner na jihar Montana, matan da suke harbewa ba su wuce shekara shida zuwa bakwai ba, kuma a hunturu yawancinsu da ciki. Harsashi ɗaya, rai biyu, har da 'ya'yan da za ta haifa nan gaba. Shi ya sa hukuma ta rage lasisin wannan farauta sosai, daga baya ta dakatar da ita.

Sai jariran barewa. Ana haihuwarsu daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, kuma makonnin farko kwanciya suke yi cikin ciyawa ba motsi. Da aka maƙala musu na'urar bibiya a kunne, sai aka ga beyar ce ta fi cin su, ta ninka kyarkeci nesa ba kusa ba. Ga kuma damisar dutse da ita ma ta ƙaru, ga fari na shekaru da ya rage kiwo.

Gawar kanta tana ba da labari in an san inda za a taɓa. Ana cire haƙorin gaba a yanka saiwarsa a ƙirga zobban ciki, kamar na itace, a san shekaru. Sannan a fasa ƙashin cinya a duba ɓargo: in fari ne mai tauri, dabbar tana da kitse, in ja ne yana rawa kamar koko, yunwa ta riga ta gama da ita, kyarkeci ƙarasawa kawai ya yi. Irin wannan kisa ba ya rage garke, don da ma ba za ta ga bazara ba. Wanda bai fasa ƙashi ba ya rubuta “kyarkeci ya kashe” ya tafka kuskure.

Ƙidayar barewa daga jirgin sama ma tana yaudara. Shekarar da dusar ƙanƙara ba ta yi yawa ba, barewa kan watsu cikin itatuwa, a ƙirga kaɗan, a yi ta kukan garke ya ƙare. Ma'aunin da ya fi tsayawa shi ne 'ya'ya nawa ke bin kowaɗanne mata ɗari a ƙarshen hunturu. In suna wajen 30, garke na iya maye gurbin waɗanda suka mutu. In suka faɗo ƙasa da 20 shekara bayan shekara, to garken tsufa yake yi, ko da ido na ganin sa da yawa a fili.