Yadda na daina shigowa gida da fushin titi

Ni direban keke napep ne a Kaduna, layin Sabon Tasha zuwa Kakuri nake yi, yarana hudu. A majami'armu ta ECWA kowa ya sanni, bana fashin sujadar Lahadi, taron zumuntar maza ma ina zuwa, amma gaskiya mutumin da ake gani a coci daban yake da wanda matata da yarana suke gani da daddare.

Abin ya tsananta ne a 2023. Farkon shekara ga wahalar canjin kudi, fasinja ya hau yace sai dai tiransifa kuma netwok babu, sai kuma ranar 29 ga Mayu shugaba Tinubu yace tallafin mai ya tafi, litar da muke saye kasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Keken ba nawa bane, kullum sai na kai balas ko an samu ko ba'a samu ba. In na dawo gida kamar an kunna min wuta a kirji, yara suna jin karar keke a kofar gida sai kowa ya nemi lungu, ni kuma a lokacin gani nake kwarjini ne, ashe tsoro ne.

Wata rana babban dana, shekararsa 12 lokacin, ya miko min takardar kudin makaranta ina cikin kirga canji a kan tabarma. Ban ma karanta ba na kwada masa mari. Yaron bai yi kuka ba, ya durkusa ya dauki takardar ya ninke ta yasa a aljihu yace "yi hakuri Baba". Wannan ninke takardar har yau ina ganinta a idona. Da dare mamansu tace min "Maigida, yaran nan basu san farashin mai ba, kai suka sani." Ban ce mata komai ba amma ban yi barci ba.

Na je na samu wani dattijon ekklisiyarmu, tsohon ma'aikacin masaka ne da ya rasa aiki lokacin da masakun Kakuri suka durkushe, ya san menene zama ba albashi da yara a gaba. Ina tsammanin zai min fada, sai kawai ya tambaye ni "dana, yaushe rabonka da kayi addu'a kai kadai, ba a coci ba, ba a gaban abinci ba?" Na rasa amsa. Ya bude 1 Sama'ila 30 ya karanta min labarin Dawuda a Ziklag, Amalekawa sun kone gari sun kwashe mata da yara, mutanensa na maganar jifansa da duwatsu, amma aya ta 6 tace Dawuda ya karfafa kansa cikin Ubangiji Allahnsa. Dattijon yace in lura, bai fara bin sawun abokan gaba ba sai da ya kira Abiyata firist ya tambayi Allah tukuna. Ni kuwa kullum asuba a guje nake fita neman kudi, Allah sai in lokaci ya ragu, kuma baya raguwa.

Abin da na fara ba wani babba bane. Karfe 4:30 nake tashi, in zauna cikin keke a tsakar gida saboda dakinmu daya da falo, in haska tocilan waya in karanta Zabura daya, in fada wa Allah abin da ke damuna dalla-dalla har kudin balas da bashin mai shago. Satin farko barci ke dauke ni, akwai watan da na watsar gaba daya na sake dawowa. Wanda yafi min amfani kuma shine da dare, kafin in shiga gida sai in kashe keke a bakin layi in zauna minti biyar, duk zagin da na sha a titi in ajiye shi nan a gaban Yesu.

Mafi wuya shine neman gafarar yaron. Mu ba'a tashe mu da uba yana ba da hakuri ba, amma Afisawa 6:4 da mu ubanni take magana, kada mu tsokani 'ya'yanmu su yi fushi, kuma na sha karanta ayoyin farko na biyayyar yara ina tsallake wannan. Na kira shi na ce nayi kuskure ya yafe min, muryata na rawa. Ya dade yana kallon kasa kafin ya daga kai.

Kudi basu karu ba fa, har yanzu akwai ranar da gari muke sha. Na dai daina fita aiki safiyar Laraba da wuri don muyi addu'ar iyali a natse, duk da lokacin 'yan makaranta ne da fasinja ke yawa, kuma ina jin rashin kudin a aljihuna. Fushin ma bai tafi duka ba, makon jiya sai da na daka wa karamar tsawa kan cajar waya, na dawo na rarrashe ta.

Jiya da asuba ina zaune a keke sai naji motsi, ashe babban ne ya fito da bargo a kafada, ya shiga kujerar fasinja yace "Baba wace Zabura ce yau?" Nace ta 121, na mika masa wayar ya karanta mana.