Zuwa Phoenix don sallamar Martin Truex Jr.

Tun a watan Yunin 2024, da Martin Truex Jr. ya sanar a filin tsere na Iowa cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe a matsayin cikakken direban gasar tseren motoci ta NASCAR, na ƙudura cewa sai na je na gan shi da idona kafin ya sauka. Ni direban tirela ne a Houston, kuma duk wanda ya yi wannan sana'a a Amurka ya san ranar Lahadi ba ta da abokin hira sai rediyo. Ta nan na kamu da tseren motoci. Shekara da shekaru ina jin sunan Truex a kunne, ina sanin lokacin da tayarsa ta ci, da lokacin da mai ya kusa yanke masa, amma ban taɓa ganin motarsa tana gudu a gabana ba.

Tseren ƙarshe na shekarar an sa shi ranar 10 ga Nuwamba a filin Phoenix, jihar Arizona. Na ɗauki hutu, na ajiye tirela, na ɗauki ƙaramar motata da ɗan yayata da ke karatu a wurina. Shi ba ruwansa da Truex. Tyler Reddick yake so, shi ma don Michael Jordan na cikin masu kamfanin da yake yi wa tuƙi.

Tafiyar ta haura mil dubu ɗaya da ɗari, kuma titi ɗaya ne, I-10, ka kama shi ka yi yamma. Bayan San Antonio gari ya fara ƙaranci, ƙasa ta buɗe, an yarda ka taka mil 80 a awa. Uwargida ta haɗo mana dambun nama, shi muka yi ta ci, muna tsayawa a wuraren hutawa na bakin titi mu haɗa salla mu yi ƙasaru. Teksas kaɗai ta cinye mana mafi yawan hanyar. Mun kwana a El Paso, inda da dare kake hango fitilun Ciudad Juarez na Meksiko a tsallaken iyaka. Da safe muka wuce Las Cruces, jami'an kan iyaka suka tsayar da mu a shingensu suka duba takardu, sai yankin Lordsburg mai allunan gargaɗin guguwar ƙura. Daga Tucson zuwa gaba kuwa sai dogayen itatuwan ƙaya na hamada, masu hannuwa biyu a sama, tsaye ko'ina a gindin duwatsu.

A wannan doguwar hanya yaron ya tambaye ni, ya ce, "Kawu, wai me ka gani a wurin mutumin nan? Bana ko tsere ɗaya bai ci ba."

Gaskiya ya faɗa. Rabon Truex da nasara tun watan Yulin 2023 a New Hampshire. Amma na ce masa ya bari in ba shi labari daga tushe, tunda hanya na da tsawo.

Truex ɗan wani ƙaramin wuri ne, Mayetta, a gaɓar tekun New Jersey. Sana'ar gidansu kamun wata halittar teku ce mai ɓawo, kuma shi ma ya shiga jirgin ruwan mahaifinsa ya sha sanyin teku kafin tuƙi ya karɓe shi. Ya ci kambun ƙaramar gasa sau biyu a jere, 2004 da 2005, a kamfanin Dale Earnhardt Jr., kowa ya ce ga tauraro nan tafe. Ya hau babbar gasa, ya ci tserensa na farko a Dover a 2007. Daga nan shiru. Tsere 218 ya yi a jere babu nasara, sai a 2013 ya sake ci a Sonoma. A shekarar nan kuma aka yi abin da ya kusa rufe masa ƙofa. A tseren Richmond, kamfanin da yake wa tuƙi, na Michael Waltrip, ya shirya maguɗi don a tura shi cikin masu neman kambu. Hukumar gasar ta gano, ta ci kamfanin tarar dala 300,000, ta cire Truex daga jerin. Babban mai ɗaukar nauyinsa, NAPA, ya janye kuɗinsa, motar ta tsaya. Laifin da wasu suka ƙulla, shi ya rasa aiki a kansa.

Wanda ya ɗauke shi wani ƙaramin kamfani ne, Furniture Row, na wani mai sayar da kayan ɗaki, Barney Visser. Kusan duk kamfanonin tsere suna kewayen Charlotte a North Carolina, inda makanikai da injiniyoyi suke, amma wannan yana can Denver shi kaɗai. A shekararsa ta farko a can, 2014, aka gano cutar daji a jikin abokiyar zamansa ta lokacin, Sherry Pollex, wadda ta yi ta fama har ta rasu a 2023. Yana tsakanin asibiti da filin tsere. Sai aka haɗa shi da wani matashin injiniya ɗan Kanada, Cole Pearn, a matsayin shugaban makanikansa, abubuwa suka juya. A tseren mil 600 na Charlotte a 2016 shi ne a gaba a zagaye 392 cikin 400. A 2017 ya ci tsere 8 ya ɗauki kambu. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin ya rufe saboda kuɗi, ya koma wurin Joe Gibbs, mota mai lamba 19.

Na ce wa yaron, tsere 34 ya ci a babbar gasa, kuma 31 daga ciki bayan ya cika shekara 35 ne. Abin da ya ja ni gare shi ke nan. Na zo ƙasar nan ba da ƙuruciya ba, na fara sana'a a shekarun da wasu ke tunanin hutawa, don haka mutumin da arzikinsa ya zo a makare bayan an gama yanke masa ƙauna, ina jin labarinsa a jikina. Ga shi ba mai surutu ba, ba a san shi da tura motar abokin hamayya bango don ya wuce ba, ko da yake shi an sha yi masa.

Filin ba a cikin Phoenix yake ba, yana Avondale, kudu maso yammacin birnin, a gindin duwatsun Estrella. Tun daga nesa muka fara ganin motocin kwana, ɗaruruwa, an jera su a fili, kowace da tutarta da murhun gashin namanta. Akwai waɗanda suka kwashe mako guda a nan. A gefe akwai wani tudu da masu ƙaramin tikiti ke hawa da kujerunsu, suna kallon filin daga sama. Mun yi hayar na'urar da ake sa wa a kunne, wadda ke toshe ƙara kuma take kamo maganar direba da mutanensa. Na saita tawa kan lamba 19.

Da'irar mil ɗaya ce, za a zaga ta sau 312. Motocin kuwa daga waje ka ce Camry ce ko Mustang irin ta titi, amma fitilun gaba hoto ne aka manna, ƙofa ba ta buɗewa, ta taga direba ke zura jiki ya shiga, ciki kuma ba komai sai ƙarafan kariya da inji mai silinda takwas. Ko agogon auna gudu babu.

Abin da ya fi faranta min rai ya faru tun ranar Asabar. A gwajin gudu, Truex mai shekara 44 ya fi kowa sauri, ya samu gurbin farko, kamar yadda ya yi mako guda kafin nan a Martinsville. Wato mutumin da ke sallama shi zai ja ayari. Da aka kira sunansa ranar Lahadi wajen gabatar da direbobi, mutane suka miƙe tsaye. Masu rigar abokan hamayyarsa Joey Logano da Ryan Blaney ma duk sun tafa. Wani dattijo a gefena, da hular Bass Pro Shops, kamfanin da ke ɗaukar nauyin Truex, wadda rana ta kashe wa launi, ya cire ta ya riƙe a ƙirji. Ya ce min daga New Jersey ya taso, kuma tun zamanin mahaifin Truex yake zuwa kallo, lokacin da uban ke tsere a ƙananan filayen arewa maso gabas.

Rediyo bai taɓa faɗa min gaskiyar ƙarar ba. Da aka ɗaga koriyar tuta motoci arba'in suka taka totur lokaci guda, bencin ƙarfen da muke kai ya ɗauki rawa, ƙarar ta shiga ƙirjina kamar tambarin sarki ana buga shi kusa da kai. Dab da layin farawa akwai wata kwana mai faɗi inda direbobi ke sauka daga kan titin su yanke ta ƙasa, sai ka ga motoci biyar ko shida sun baje a jere, sannan su matse su koma layi biyu. Warin taya da ta ƙone ya cika iska, ɓurɓushin roba na sauka a hannun riga.

Truex ya riƙe gaba a zagayen farko-farko, ni kuwa ina tsaye. Bai daɗe a can ba. A kunnena ina jin mai hangen hanyarsa, wanda ke can saman gini, yana faɗa masa mota na ciki, mota na waje, hanya ta buɗe, da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Shi kuma Truex jefi-jefi yake magana, ya gaya wa James Small, shugaban makanikansa ɗan Ostireliya, yadda motar ke ƙin juyawa a kwana. Na daɗe ina kallon layin gyara. Mota ta tsaya, mutum biyar sun tsallako katanga, jak ya ɗaga, tayoyi huɗu sun fita wasu sun shiga, an ɗura mai, duk cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka. Na san nauyin taya, don haka na san aikin da waɗannan samari ke yi. Har wani abin mamaki muka gani: motar da ke jan ayari lokacin taka-tsantsan ta ƙwace ta daki gangunan yashi a bakin layin gyara, aka tsayar da tsere sai da aka share.

A ƙarshe Joey Logano ya riƙe Ryan Blaney a bayansa ya ci tseren, ya ɗauki kambunsa na uku. Reddick na yarona ya zo na shida. Truex ya ƙare na 17. Ba haka na so ba, amma na tsaya har ya fito ta taga ya cire hular kwano, direbobi na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna rungumarsa.

A hanyar komawa muka yi musu kan ko ya dace Truex ya sake dawowa tsere bayan sallama. Yaron ya ce, "Kawu, in mutum ya ce ya bari, to ya bari. Me zai dawo yi?" Ni kuwa na ce bai fahimci abin da Truex ya ajiye ba. Tsere 36 ake yi na neman maki a shekara, daga Fabrairu zuwa Nuwamba, ban da tarukan masu talla da zaman na'urar gwaji a tsakiyar mako. Shi da bakinsa ya nuna abin da yake so shi ne lokacinsa ya zama nasa, ya je kamun kifi da farauta, ya halarci sha'anin dangi. Jadawalin ne ya ishe shi, sitiyari bai ishe shi ba. Wannan kowane direban doguwar hanya ya san shi. Abin da ke cin mu kwanan waje ne da rashin ganin iyali, amma ba ka jin wani ya ce ya tsani hanya.

Kuma ba a kansa aka fara ba. Mark Martin ya yi shekarar ban kwana a 2005, ya ci gaba da tsere har 2013. Jeff Gordon ya sauka a 2015, shekarar da ta biyo ya dawo ya riƙe wa Earnhardt Jr. mota sau 8 lokacin da ya samu buguwar kai. Jimmie Johnson mai kambu bakwai ya bari a 2020, ya gwada wata gasar tsere, IndyCar, ya je tseren Le Mans a Faransa a 2023, kuma a wannan Lahadin yana cikin filin Phoenix da mota mai lamba 84. Kevin Harvick da ya yi sallama a wannan fili a 2023 ya koma sharhi a talabijin, amma bai daina shiga ƙananan tsere ba.

Truex kuma yana da bashi a Daytona. Tseren Daytona 500 shi ne mafi girma, kuma bai taɓa cin sa ba. A 2016 shi da Denny Hamlin suka tsallake layi kafaɗa da kafaɗa, Hamlin ya riga shi da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, tazara mafi ƙanƙanta a tarihin tseren. Na ce wa yaron, wanda aka kayar da tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, da wuya ya zauna gida a watan Fabrairu. A ganina hakan ya dace da shi: ya bar wa Chase Briscoe lamba 19, shi kuma ya zaɓi tsere ɗaya ko biyu da ransa ke so.

Haka kuwa aka yi. A Janairun 2025 aka sanar zai shiga Daytona da motar kamfanin Tricon Garage, Cole Pearn ya dawo daga nasa ritayar don ya riƙe masa makanikai, lambar motar kuma 56, wadda mahaifinsa ya yi tsere da ita. A cikin watan nan uban ya rasu. Motar ba ta da gurbin dindindin, sai da ya nemi shiga da gudunsa, kuma ya samu. Ranar tseren ina kan hanya da kaya, a rediyo na ji hatsari ya rutsa da shi tun ba a kai rabi ba. William Byron ya ci, Johnson mai shekara 49 ya zo na uku.

Da na tsaya shan mai yaron ya kira ni. Ya ce, "Kawu, mutuminka bai ƙarasa ba." Na ce na ji. Ya ce, "Amma ka ga Johnson? Ya girme shi da kusan shekara biyar. In baɗi mutuminka ya sake shiga, ni zan saya mana tikiti."