Gwajin fitsari kafin a ba talaka tallafi

Jiya a majalisarmu wani ya ce duk mai neman tallafin gwamnati a fara yi masa gwajin ƙwaya, in an kama shi a hana shi. Kowa ya yi na'am, ni kuwa raina bai kwanta ba.

An taɓa gwada haka a jihar Florida ta Amurka a 2011. Mai neman tallafi shi zai biya kuɗin gwajin, in ya tsallake a mayar masa. Cikin mutum 4,086 da aka gwada, 108 kaɗai aka samu da ƙwaya a jiki. Kuɗin da jihar ta mayar ya zarce wanda ta yi tsimi, daga baya kotu ta soke dokar. Sauran dubban fa? An wulaƙanta su ne kawai don ba su da hali.

Na zauna da ɗan'uwa da kodin ya kama. Na ga yadda yake rawar ɗari yana zufa in ya yi niyyar dainawa, na ga mahaifiyarsa ta sayar da awakinta don a kai shi asibiti. Wallahi ciwo ne, yunwa ba ta warkar da shi. Kuma in ka hana uba tallafi, yaransa ne za su kwana ba tuwo, su da ba su sha komai ba.

In gwamnati na da kuɗin gwaji, ta zuba shi a wuraren jinya da likitocin ƙwaƙwalwa, don a nan Arewa iyaye da yawa ba su da inda za su kai ɗansu sai gidan mari.