Kaka tara a kan benci, daga shagona na Ƙofar Ƙaura

Kamar yawancin 'yan majalisarmu a Ƙofar Ƙaura, na daɗe ina ganin babu aiki mai sauƙi irin na koci. Ranar Asabar a gidan kallo, da an zura wa ƙungiyarmu ƙwallo ɗaya sai kowa ya san wanda ya kamata a cire da wanda ya kamata a sako. Muryata na cikin waɗanda suka fi tashi.

A ƙarshen 2023 ƙanina ya dawo hutu, ya same ni a shagona na gyaran waya, ya ɗauki tsohuwar kwamfutar da nake yi wa wayoyi aiki da ita ya sa mata Football Manager 2024, wasan kwamfuta da mutum ke zama kocin ƙungiyar ƙwallo. Ya ce, "Yaya, wannan ba irin wanda ake bugawa a PlayStation ba ne. Ba za ka taɓa ƙwallo ba ko sau ɗaya."

Na ce, "To in ban buga ba, me zan yi?"

Ya ce, "Kai za a kora in an sha kashi."

Ya ba ni shawara kada in ɗauki babbar ƙungiya, don haka na ɗauki wata 'yar ƙarama a rukuni na shida na Ingila, inda wasan yake tsayawa daga ƙasa. Abin da ya fara tarbata rubutu ne da lambobi. Kowane ɗan wasa an auna shi daga 1 zuwa 20 a gudu, juriya, miƙa ƙwallo, natsuwa, jarumta da sauransu. Ga akwatin saƙonni: likitan ƙungiya na cewa wane ya ji rauni a cinya, mataimakina na cewa wane ba ya mai da hankali a atisaye, shugabannin ƙungiya na tuna min iyakar abin da zan iya biya na albashi a mako. Da na yi tababar lambobin, ƙanina ya ce in daina, domin mutane ne a ƙasashe da dama suke zuwa filaye suna kallon 'yan wasa suna aika bayanai, har ta kai a 2008 Everton ta ƙulla yarjejeniya da Sports Interactive, kamfanin da ke yin wasan, don ta riƙa duba wannan rumbun bayanan wajen neman 'yan wasa. Wasu 'yan'uwa biyu ne, Paul da Oliver Collyer, suka fara abin a 1992 da sunan Championship Manager, kafin ya koma sunansa na yanzu a 2004.

Ban kai ƙarshen kakar farko ba aka sallame ni. Na yi duk abin da nake ihu a kai a gidan kallo. Na tura kowa gaba, na riƙa sauya tsari duk mako, wanda ya yi kuskure ɗaya na zaunar da shi. Kyaftin ɗina ya zo ya ce ba a yi wa wani abokinsa adalci ba, na ba shi amsa mai zafi, kafin mako biyu rabin 'yan wasan sun juya min baya. Na karanta takardar korar sau biyu, raina ya ɓaci sosai, don na san babu wanda zan ɗora wa laifi.

A karo na biyu na shiga da sanyin jiki. Na zaɓi tsari ɗaya na 4-4-2 na bar yaran su saba da shi. Na koyi duba gajiyar ɗan wasa kafin in sa shi, domin a ƙananan rukunan Ingila sau da yawa ana buga wasa Asabar a sake bugawa Talata, kuma wanda ka matsa wa lamba a watan Disamba za ka rasa shi a Janairu. Na koyi cewa in aka tafi hutun rabin lokaci ana cin mu, akwai yaron da faɗa ke zaburarwa, akwai wanda in ka ɗaga masa murya ya gama amfani a ranar. Wannan ma na gan shi a shago, tsakanin yaran nan biyu da nake koya wa aiki, amma sai da wasan ya nuna min sannan na lura.

Abin da ya riƙe ni da gaske shi ne yaran da kwamfuta ke ƙirƙira. Sau ɗaya a shekara makarantar ƙungiya takan yaye sababbin yara, waɗanda babu su a duniya. A kaka ta biyu aka kawo min wani ɗan shekara 16, ɗan tsakiya, siriri, ƙarfinsa 5 kacal amma hangensa na fili 14. Mataimakina ya ce ba zai yi nisa ba. Ni kuwa na ga wani abu a yadda yake sakin ƙwallo, na laƙaba masa Ɗan Auta. Na haɗa shi da wani dattijon ɗan wasa mai kyakkyawar ɗabi'a don ya riƙa kwaikwayonsa, na ba shi atisayen ƙarfi na musamman, na riƙa sako shi minti goma sha biyar na ƙarshe. Da ya kai 18 na ba da shi aro kaka guda, ina bin sakamakonsa duk mako kamar mai ɗa a makarantar kwana. Ranar da ya ci ƙwallonsa ta farko a rigarmu, ina zaune ni kaɗai a shago bayan la'asar, wani mai babur na jiran in gama sa masa gilashin waya. Na miƙe tsaye ban sani ba. Mutumin ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, yarona ne ya ci." Ya ce Allah ya yi masa albarka, na amsa da amin.

Wasan ya kuma wayar min da kai a kan abin da muka daɗe muna musu a kai. Da muka hau sama muka samu 'yan kuɗi, na tura mai farauto min 'yan wasa Afirka ta Yamma, ya samo min wani ɗan gaba ɗan Najeriya. Mun daidaita da kowa, sai takardar izinin aiki ta hana, saboda Ingila na duba yawan wasannin da yaro ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito. Nan na gane dalilin da ya sa namu suke bi ta wata ƙofar. Ahmed Musa daga Kano Pillars sai da ya je VVV-Venlo ta Holan a 2010, ya wuce CSKA Moscow, kafin Leicester ta ɗauke shi a 2016. Wilfred Ndidi ta Genk ta Beljiyam ya bi kafin ya isa Leicester a 2017. A da nakan ce raini ne kawai. Yanzu na san akwai doka a tsakani, ko da mutum bai yarda da ita ba.

Akwai abu biyu da na yi waɗanda ba na so wani ya maimaita. Na farko, a kaka ta biyar mun kai wasan ƙarshe na neman hawa rukuni na gaba, aka ci mu a bugun fenariti. Na kashe wasan ban adana ba, na sake kunnawa, na sake bugawa, muka ci 2-0. Allon ya cika da murna, ni kuwa zuciyata fayau. Kwana uku ina buɗe kwamfutar ina rufewa. Daga ƙarshe na koma wani tsohon ajiya na farkon wannan kakar na sake ta gaba ɗaya, muka ƙare na tara, na karɓa. Daɗin wasan duka yana cikin cewa abin da ka yanke ya yanku, kuma in ka cire wannan sai ya zama danna maɓalli kawai.

Na biyun ya fi nauyi. Wasan ba ya da inda yake cewa ka tsaya. Kullum akwai wasa ɗaya a gaba, ko saƙo ɗaya da kake son gani. Na fara zuwa da kwamfutar gida, ina kaiwa ƙarfe biyu, wani lokaci uku na dare, in an ɗauke wuta in ci gaba har batir ya mutu. Sau biyu a mako guda na makara sallar asuba. Wata safiya uwargida ta ajiye min koko da ƙosai, ta zauna, ta ce, "Abban yara, jiya yarinyar nan ta jira ka da littafinta har barci ya ɗauke ta a kan tabarma." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. A ranar na mayar da kwamfutar shago, kuma tun daga nan a can take kwana. Ina bugawa ne in kasuwa ta yi sanyi tsakanin azahar da la'asar, wasa biyu, in rufe. Da azumi ba na buɗe shi sam.

A watan Fabrairun 2025 kamfanin ya sanar da cewa ya soke fitar da Football Manager 25. Ƙanina ya ji haushi, ni kuwa ko a jikina, don ban gama da ƙungiyata ba. Gasar Najeriya ba ta cikin waɗanda wasan ke zuwa da su, amma masu sha'awa sukan haɗa fayil su ƙara ta, kuma ya yi min alkawarin zai sa min don in riƙe Katsina United. Na ce ya dakata tukuna.

Kwanakin baya mun je filin wasa na Muhammadu Dikko da 'yan majalisa. Ana cikin wasa na kusa da ni ya fara ihu a cire ɗan bayan hagu. Ni kuma na lura tun minti goma da suka wuce ɗan gefen da ke gabansa ya daina dawowa taya shi, an bar shi da mutum biyu. Na nuna masa da yatsa, ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Wallahi haka ne."

Yanzu ina kaka ta tara, muna rukuni na biyu, mataki ɗaya ya rage mu shiga Firimiya. Ɗan Auta ya kai shekara 23, shi ne kyaftin. Makon jiya wata babbar ƙungiya ta taya shi da kuɗin da zai ishe mu sayen 'yan wasa huɗu, kuma ya zo da kansa ya roƙi in bar shi ya tafi. Saƙon na nan a akwati ban amsa ba. Na tambayi ƙanina a waya, ya ce, "Yaya, sayar da shi mana." Na ce zan duba bayan azahar.