Ƙaramar libar nan da ke gefen giya

Garejinmu ba kowace mota yake karɓa ba. Motocin daji muke yi, masu jan taya huɗu: Hilux, Land Cruiser, Patrol, Pajero, Jimny, da Jeep in ta faɗo. Inji da birki muna taɓawa in an kawo, amma abin da aka san mu da shi yana ƙarƙashin mota, wato taransifa, akwatin da ke manne a bayan giyabos yana raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya da na gaba. Yawancin taransifar da ake kawo mana a wargaje ba daji ne ya cinye ta ba. Kwalta ce, da hannun direban da ba a taɓa zaunar da shi an yi masa bayanin ƙaramar libar da ke gefen giya ba.

In libar tana kan 2H tayoyin baya kaɗai ke tura mota, nan ne mazauninta na kullum. Da ka ja zuwa 4H, farfelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin gaba, ta ƙullu da ta baya, juyinsu ya zama ɗaya, babu mai wuce wata. To amma a kwana tayoyin gaba sun fi na baya faɗin zagaye, dole su fi su juyi. A yashi ko laka taya tana ɗan zamewa, bambancin ya fita ta nan ba tare da kowa ya sani ba. A busasshiyar kwalta kuwa taya ta kama ƙasa gam, ƙarfin ya rasa mafita, sai ya riƙa taruwa a farfela da sarƙa da haƙoran giya, kamar ana murɗa jiƙaƙƙen zane. Sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, taya na kuka, in ka zo mayar da liba 2H ta ƙi motsi. Wasu a nan suke sa ƙarfi, har da masu dukan liba da ƙafa. Maganin bai kai haka ba: miƙe sitiyari, ka yi ribas na 'yan mitoci a hankali, za ka ji liba ta saki da kanta. In ta ƙi, hau gefen hanya inda akwai ƙasa mai laushi. Ɗaga taya ɗaya da jak ma yana yi, sai dai a janye hannu, domin tayar kan fizge da zarar ta bar ƙasa.

Ni a kan benci na fara gane wannan. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, bai bar ni na riƙe sifana a ƙarƙashin irin waɗannan motoci ba sai da ya buɗe wata tsohuwar taransifa ya ajiye a gabana. Ya ce in riƙa juya shaf ɗin shiga da hannu, shi kuma yana tura cokali mai yatsun da ke matsar da giya, ina kallon zoben haƙora yana zamewa yana kama ɗan'uwansa. Can sai ya ce in riƙe ɗaya shaf ɗin kada ya juya, in ci gaba da juya wancan. Na ji abin a wuyan hannuna. Ya ce, "Yaro, abin da kake ji ɗin nan shi ƙarfe ke ji, sai dai shi ba ya faɗa." Shi ne kuma ya koya mini shafa man da aka zubar tsakanin yatsu biyu kafin in kalle shi. Garin ƙarfe mai laushi a jikin maganaɗisun notin zubar da mai ba abin damuwa ba ne. Gutsattsari masu kaifi da ke sukar yatsa kuwa, haƙori ne ya karye, kuma na san dalili tun kafin mai mota ya buɗe baki.

Dalilin kusan ɗaya ne kullum. Mutum ya shiga yashi a 2H, mota ta kafe, tayoyin baya na juyawa a banza, na gaba a tsaye cik, shi kuma ya ja liba ƙafarsa na kan totur. Haƙora masu gudu sun haɗu da haƙora a tsaye, me ake jira? Jan taya huɗu kafin a shiga wuri ake sa shi, tun kana hango yashin ko taɓon. In har ka riga ka kafe, ɗauke ƙafa, bari tayoyi su tsaya, sannan ka sa.

Yadda ake sawa ya danganta da motar. Masu hob na hannu, wato makullin da ke tsakiyar kowace tayar gaba mai haɗa ta da aksil, irin wanda kamfanin Warn ya fara yi wa Jeep a Amurka a 1948, kuma aka san Land Cruiser 70 da shi, sai ka sauka ka murɗa duka biyun daga FREE zuwa LOCK. Duka biyun, ba ɗaya ba. In suna kulle, farfelar gaba tana bin juyin taya, don haka liba tana shiga 4H sumul ko mota na tafiya. In suna buɗe farfelar a tsaye take, ka ja liba a guje sai ka ji ƙarar niƙa. Sababbin motoci sun ɗauke wa direba saukar: maɓalli kake murɗawa, ɗan injin lantarki ya tura giyar. Nan ma da ƙa'ida. Sitiyari a miƙe, a ɗan sassauta totur, kada a wuce gudun da littafin motar ya yanka, wasu kilomita 80 a awa, wasu 100. Fitilar dashbod muddin tana ƙiftawa aikin bai gama ba, sai ta tsaya cak.

4L kuwa ba a shigarta a guje. Tsayawa ake yi, a taka kulochi, in otomatik ce a sa N, sannan a ja liba kai tsaye ba tare da tsayawa a tsakiya ba. Littafin Jeep Wrangler ya yarda mota na ɗan gangarawa kilomita 3 zuwa 5 a awa, don haƙoran su dace. Wannan giya ninka ƙarfi take yi ta rage gudu: kusan ninki biyu da rabi a Hilux, 2.72 a yawancin Wrangler, ninki 4 a Wrangler samfurin Rubicon. Amfaninta hawan dutse, jan kaya mai nauyi, da gangara mai tsayi inda inji zai riƙe mota maimakon birki ya ƙone. Kada a sa ta hob na buɗe, don duk ƙarfin nan kan aksil ɗin baya kaɗai zai sauka. Ga kuma abin da nake maimaita wa masu otomatik: in ƙaramar liba tana N, P ba ta riƙe komai. Mota za ta gangara da ƙafarta in ba a ja birkin hannu ba.

Akwai motocin da wannan dokar kwalta ba ta hau kansu ba, masu difarenshal a tsakiya, wato giyar da ke barin farfelar gaba da ta baya su bambanta a juyi. Defender da yawancin Land Cruiser 80 kullum taya huɗu ke ja. Pajero kuma tun 1991 take da Super Select, wadda 4H ɗinta ke tafiya lafiya a kwalta. Amma da ka kulle na tsakiyar, 4HLc ke nan a Pajero, ka dawo sahun sauran.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu gyaran ganin ido. Mota ta fara ƙara a gaba, a kai ta wani wuri, su kwance farfelar gaba su jefa a bayan mota, su ce ta warke. Ƙara ta tafi, gaskiya ne, jan taya huɗu ma ya tafi, mai ita ba zai sani ba sai ranar da ya kafe inda babu mai turi. Wasu su cire ƙwan fitilar da ke ƙiftawa. Wasu su ɗura man giya mai kauri a taransifar da man otomatik take sha. Ga hob na jabu da suka cika kasuwa, kwalinsu ya fi na asali sheƙi. Ka ɗauka a hannu za ka ji ba nauyi, ka murɗa ka ji sifirin ɗin ciki ba shi da rai, ka goga fayil a haƙorin ka ga ya ci shi. Na asali fayil zamewa yake yi. Ni duk kayan da dila ya kawo, a gabansa nake buɗe kwali in gwada, kuma akwai waɗanda suka daina zuwa saboda haka.

Mu in mota ta shigo ba ma farawa da kwance komai. Tayoyi muke fara aunawa, don taya ɗaya da ta bambanta da sauran a girma ko a cinyewa tana iya ɗaure taransifa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Sai mu ɗaga motar gaba ɗaya, ƙafafu huɗu a sama, mu sa kowace giya muna kallon abin da ke juyawa da wanda ya ƙi. Fitila mai ƙiftawa sau da yawa ba taransifa ba ce: wayar da ruwa ya ci, ko tiyon iska da ya tsage a motocin da hob ɗinsu da zuƙar iska yake kullewa irin Jimny, ko ɗan injin lantarkin da ya sandare don an daɗe ba a motsa shi ba. Toyota da kanta ta rubuta a littafinta cewa a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 a jan taya huɗu kowane wata don mai ya zagaya sassan gaba. Masu karantawa kaɗan ne. In kuwa sai an buɗe, sarƙa muna auna sakinta, boris muna juya shi kusa da kunne, sil kuma ba ma mayar da tsoho ko da ya yi kyau a ido. Sai ka ji mai mota na cewa, "Haba malam, 'yar fitila ce fa kawai." In ce masa, "Ranka ya daɗe, fitilar ba ta da laifi, saƙo aka ba ta." Wanda ya tsaya ciniki a kan sil, shi zai dawo da akwati ba ɗigon mai.

Ba ma miƙa makulli a bakin ƙofa. Akwai fili mai yashi da muke gwaji, mai mota ya zauna a sitiyari, ni ina gefe, ya sa 4H, ya tsaya ya sa 4L, ya fito, ya yi ribas ya ji yadda liba ke saki. Nan nake tuna masa cewa taya huɗu na ja ba ya ƙara wa birki komai. In motar direba ke tuƙa ta, a zo da direban ranar karɓa, shi muke so a kujerar.